Faɗin Yatsa Ɗaya a Bangon Arewa

Da yammacin wata Talata, Gunnvor na soya kifi, sai ta ji ƙusa ta faɗo a bakin ƙofa. Ta biyu ta biyo. Ta leƙa, ba kowa, sai duhu yana saukowa daga kan duwatsu.

Mako uku ke nan da mijinta Torleif ya lulluɓe bangon gidansu da sababbin allunan katako. Mutum ne mai taurin kan tsiya. Ya manna su da bango ƙam, ya danne kowace ƙusa har ta nutse, wai kada sanyi ya sami hanya. Yanzu ga allunan bangon arewa sun kumbura, sun lanƙwashe, suna tofar da ƙusoshi. Ya ce ɗanyen katako aka sayar masa. Ya canza, suka sake lanƙwashewa.

Sai abin ya koma kan 'yarsu Ragna. Ta daina cin abinci. Magariba na yi za ta jingina da bangon, tana numfashi da ƙyar. Cikin kwana biyar ta rame, abin tausayi.

Aka ɗauko tsoho Edvin daga ƙetaren ruwa, mai yi wa marasa lafiya addu'a. Ya buɗe littafinsa, ya dafa goshinta.

"Wane ne kai?"

Muryar da ta amsa ba ta Ragna ba ce. "Shekara casa'in ina zaune tsakanin allo da bango. Kakan mutumin nan ya bar mini wurin shan iska, shi kuwa sarkin gwaninta ya toshe ni. To, na sami ƙirjin da zan yi numfashi."

"Za a buɗe maka," in ji Edvin. "Fita."

"Na ƙi. Ta fi bango ɗumi."

"Ka dai san ba ka iya nisa da gidan nan."

Gunnvor ce ta fita, ta dawo da galan ɗin kananzir, ta dire shi a gaban Ragna, ta ce wa mai muryar:

"Saurara, tsohon banza. Yanzun nan zan cinna wa gidan wuta, in sa 'yata a kwalekwale. Ka zauna da toka."



"A bar mini faɗin tafin hannu tsakanin allo da bango," in ji muryar.

"Yatsa ɗaya," in ji Gunnvor.

"Na yarinyar."

"Nawa. Ita ko awo ba za a yi maka da jikinta ba."

Ragna ta sulale ƙasa, ta ja dogon numfashi, ta kira uwarta.

Kwana huɗu Torleif na zare ƙusoshinsa, Gunnvor na biye, tana zura babban yatsanta bayan kowane allo. Har yau bangon a miƙe yake. Galan ɗin kuwa ba ta taɓa ɗauke shi ba. Yana nan jingine da bangon arewa, inda na cikin zai riƙa ganinsa.