Gonar Bakin Titi

Solvej ta fara ganin Troels ne durƙushe a gonar babanta ta bakin titi, yana tumɓuke waken da saiwarsa ta ruɓe, yana ta murmushi.

"Malam, asararmu ce ta ba ka dariya?"

"Yi haƙuri. Binciken irin wake mai jure cuta nake yi. Ban taɓa samun ƙasa mai cuta kamar taku ba."

Dariya ta ƙwace mata. Kafin damina ta kankama har ya zama "Ɗan Wakena".

Babanta Ejnar kuwa ya ce bai san zancen ba. Tsawon rayuwarsa bai taɓa fesa magani ba, gonar nan ce kaɗai ke zubar masa da girma a ƙauyen.

"Mai murna da ciwon gonata ba zai aure min 'ya ba."

"Baba, sai a ƙasa mai cuta ake gane iri mai ƙarfi. Ka ara masa gonar damina ɗaya."

"Ɗaya. In komai ya mutu, ya kama hanyar birnin Aarhus inda ya fito, kada ya dawo."

Troels ya shuka iri barkatai, layi-layi. Suka dinga yin rawaya suna kwanciya, kowa na gani daga titi. Munafukan ƙauyen suka samu abin yi, ana shan kofi ana cewa gona ya zo ci, ba yarinya ba. Ƙarya suke, kuma har yau babu wanda ya zo ya ba yaron haƙuri.

Wata safiya saƙonsa ya shigo wayarta: "Tauraruwata, saura layi biyu. In sun faɗi, ban san yadda zan rabu da ke ba."

Ta mayar masa: "Wa ya ce ka rabu da ni? Je ka karya kumallo."

Layi ɗaya ya faɗi. Ɗayan ya tsaya kore shar har ya yi 'ya'ya.

Ejnar ya je da kansa ya tumɓuke guda. Saiwa fara tas. Ya daɗe yana jujjuya ta a tafin hannu.

"Yaro, kana shan kofi da madara?"

"Ina sha, Baba."

"To taho gida, uwarta ta gasa kek."

Bayan girbi aka ɗaura aure a cocin ƙauyen. Abokan ango suka ɗaga shi sama suka datse masa bakin safa da almakashi kamar yadda al'adar bikinsu take, Ejnar ne ma ya riƙe ƙafar.

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Magulmata kuwa, ga shi yanzu suna layin roƙon iri.