Durƙuson Da'u a Hanyar Ajingi

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai sai lahira!"

Rana tsaka ce, ran kasuwar Ajingi, shekarar babban fari. Gwadabe, ogan 'yan fashin, ya gicciya kututturen dabino a hanya. Motar katako daga Gaya ta ci birki — ƙiiii! Yaronsa Kabo ya finciko direba. Da'u ya haye bodi da adda, fuska naɗe da rawani, ido kaɗai a waje.

A masaƙa su ukun suka haɗu, can Bompai a Kano. Da'u gonar gado ya sayar ya tafi birni, don an ce albashi a can kamar ruwan famfo. Shekara biyu aka kawo sabon inji, aka ce mutum ɗaya ya isa aikin goma. Aka rufe musu ƙofa. Gida kuwa ba ya komuwa: ba gona, ga kunya. Matarsa Sabuwa tana Kademi, har yau ta ɗauka saƙa yake yi.

"Agogo, rediyo, jaka — a miƙo!"

Yana bi yana karɓa, har ya iso kan wani dattijo da bai kwanta ba, yana zaune bisa buhun gero. Dattijon ya ɗago.

Malam Maiwada! Uban Sabuwa!

Ai jiki bai jira shawara ba. Kafin Da'u ya ankara ya zame takalmi, gwiwa ta kai ƙasa, kai ya sunkuya. Shekara shida yana yi wa mutumin nan haka.

Fasinjoji suka saci kallo. Wane ɓarawo ke durƙusa wa wanda ya zo yi wa fashi?

Dattijon ya dube shi, ya daɗa dubawa. "Da'u," ya ce a hankali, "wannan ce masaƙar?"

Gwadabe ya ji. Tsalle ɗaya ya hau bodi, bindiga a hannu.

"Kai, baƙauye! Ka kashe mu! Ya san sunanka, ya san gidanku! Yanzu soja ba sa kai mutum kurkuku, a jikin durom ake ɗaure shi a bindige. Matsa in gama da tsohon!"

"Oga, surukina ne."

"Ko ubanka ne! Matsa!"

Can Gaya kuwa, wani mai keke da ya hango kututturen ya juya ya kai labari. Saje Bala ya cika Landiroba da 'yan sanda. "Taka ta, direba! Taka!"

Da'u ya miƙe. Ya jefar da adda, ya tsaya a gaban dattijon.

"Ba zai faɗa ba, oga. Na rantse—"

Daram!

Da'u ya zube a cinyar surukinsa. Kabo ya ƙwalla, "Ga su nan! 'Yan sanda!" Suka dira, suka faɗa cikin karan dawa. Amma fari ya cinye gonakin, ba wurin ɓuya. Ko la'asar ba a kira ba aka kamo su. Wata huɗu bayan nan aka harbe su a Kano.

Malam Maiwada ya warware rawanin, ya laƙƙana masa kalmar shahada. Da'u ya kama, bai kai ƙarshe ba.

Saje Bala ya leƙo, littafi a hannu. "Baba, wannan fa? Ɓarawo ne ko fasinja?"

Fasinjoji kowa ya zuba wa dattijon ido.

Ya shafa idon gawar ya rufe. "Mijin 'yata ne," ya ce. "Rubuta haka."