Turmin Tsamiya

Ranar Talata ce, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran ranakun Martina. Ta gama koyarwa a firamaren da take aiki a Muchia, ta tsaya darasin yamma na 'yan aji shida har ƙarfe biyar, ta ratsa kasuwar Sabon Gari ta sayi doya biyu, sannan ta hau bas zuwa Samaru. Rana ta yi ja sa'ad da ta shigo gida. Mijinta Japheth, mai gyaran wutar lantarki, bai dawo ba. Ƙanwarta Lovelyn, 'yar shekara goma sha biyar da ta ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana tsakar gida tana wanke kayan makaranta.

Wata takwas ke nan da aure, Martina ba ta taɓa daka a turminta ba. Kyautar surukarta ce ranar biki, tsohon turmi baƙi mai nauyi da aka ɗauko daga gidansu Japheth a Bomo. Tun ranar da ya iso Japheth ya kife shi a lungun baranda, ya ce shi ba ya son sakwara. A kan gindin turmin take jibge littattafan yara in za ta yi maki. Amma a wannan yammacin ranta ya biya sakwara. Ta kwashe littattafan, ta juya turmin, ta wanke shi.

A ƙauye ba a daka da magariba. Martina ta san haka, sai dai malamar da ke dawowa ƙarfe shida ba ta da wani lokacin girki. Ta ɗauki taɓarya. Lovelyn ta tsuguna tana jiƙa hannu tana juya doyar a cikin turmin. Ladanin masallacin bayansu ya fara kiran salla.

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Suka tsaya. Na biyu ya sauka a tsakar gida, bai gangara ba, ya zauna inda ya faɗi kamar an ajiye shi. Martina ta ɗauka, ta ji shi da ɗumi. Ta leƙa waje tana zaton ɗaliban jami'a ne masu haya a gidan gaba. Babu kowa a layin sai awaki biyu da suka ƙura wa ƙofarta ido.

Da Japheth ya dawo, bai dubi duwatsun ba. Turmin ya duba. Ya daɗe tsaye da jakar aikinsa a kafaɗa, sannan ya ce, "Wa ya buɗe shi?"

Ya sake kife shi, amma jifan bai tsaya ba. Kullum yakan fara da kiran magariba, ya ƙare da shigar duhu. Ranar Alhamis suka ji ƙarar daka a baranda, a hankali, daka irin na tsohuwar da ba ta sauri, alhali turmin yana kife kuma taɓarya tana ƙarƙashin gado. Ranar Juma'a Lovelyn ta daina cin abinci. Ranar Asabar Martina ta same ta zaune a kan turmin, ƙafafu a miƙe, tana kallon bango, hannunta na dama a dunƙule.

"Lovelyn. Ke, Lovelyn, ki dube ni."

"Anti," yarinyar ta ce, "akwai mutum a ciki."

Daga wannan ba ta ƙara magana da muryarta ba.

Mutum na farko da Martina ta kira ita ce Christabel. Ƙawarta ce tun kwalejin horon malamai, ɗaki ɗaya suka zauna, kuma yayar Japheth ce, ita ta haɗa su. A kwaleji Christabel takan faɗi da yamma tana kumfa tana maganganu, Martina ce ke riƙe mata kai har ta farfaɗo. Ciwon ya bar ta bayan bikin, kowa ya ce ikon Allah. Duk Asabar takan zo daga Hanwa su yi hira da kitso, sai dai a ƙofar gida take zama, ta ce barandar ta cika zafi.

Wannan karon ma a ƙofa ta tsaya. "Ki kai ta asibiti mana, ƙawata. Ƙila zazzaɓi ne ya hau mata kai."

An kai ta. Likita bai ga komai ba. Matan zumuntar cocinsu sun zo sun yi addu'a sun yi waƙa, duwatsu suna sauka a tsakaninsu ba su taɓa kowa ba. Ɗaya daga cikinsu ce ta ja Martina gefe ta ambaci Baba Abarshi, tsohon mai bishara da ya yi ritaya a wani ƙauye bayan Bomo. Mahaifinsa ɗan bori ne, don haka ya san Littafi Mai Tsarki, ya kuma san sunayen waɗanda aka bari a baya. Japheth ya ce ba ya son surutun mutane. Martina ta dube shi, ta ce mahaifiyarta ta yi wa alkawarin yarinyar nan, ba mutane ba. Ta nemi izini a makaranta ta tafi da kanta.

Tsohon ya iso ranar Laraba da la'asar sakaliya, da sanda da Littafi mai bangon da ya mutu. Ya sha ruwa, ya zauna a kujerar roba, ya jira rana ta faɗi. Martina ta roƙi Christabel ta shigo ta riƙe mata hannu, Christabel ta shigo ta raɓe a bango. Japheth yana jikin ƙofa. Iska ta tsaya. Ko kajin maƙwabta ba a ji.

Da ladan ya ɗaga murya, Lovelyn ta juyo da kanta a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, busasshiya, mai jan magana.

"Ɗan mai garaya. Ubanka ya fi ka ladabi. Shi da nono yake zuwa."

"Ubana ya rasu, Inna. Ni da Littafi na zo. Wace ce ke?"

"Ka san ni. Doguwa ce, ta gidan Ɗanjuma, wanda kuke kira Friday."

Sunan mahaifin Japheth ke nan. Martina ta ji hannun Christabel ya yi sanyi a cikin nata.

"Me ya raba ki da Bomo?"

"Gatari. Ranar da aka tsoma shi a ruwan baftisma ya sare tsamiyata don jama'a su ga ya tuba. Bai ƙona itacen ba, rowa ta hana shi. Ya sa aka sassaƙa turmi. Ina zan je? Na zauna a ciki. Uwarsa tana zuba mini hatsi a ɓoye, ban taɓa kowa ba. Da ta mutu aka manta da ni, sai na hau 'yarsa."

"To wannan yarinyar fa? Ba jininsu ba ce."

"Ita ta sa hannu a ɗakina."

"Wa ya kawo ɗakin naki Samaru?"

Bakin Lovelyn ya yi dariya, idanunta ba su yi ba. "Kyauta aka ba da ni. Sun jefa ni a rafi na dawo, sun sa wuta ta ƙi ci. Ni ba a yar da ni. Sai dai a ba wani, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya."

Martina ta tuna ranar. Ta durƙusa a gaban surukarta da mayafi a ka, ta rungumi turmin da hannu biyu kamar yadda aka koya mata, ta yi godiya har sau uku. Ta tuna wadda guɗarta ta fi ta kowa tsawo: Christabel.

"Tambayi na jikin ƙofa," muryar ta ci gaba. "Shi ya ɗaure ni a bayan babur, yana karanta Zabura tun daga Bomo har nan. Wanda bai san abin da ya ɗauko ba, karatun me yake yi? Ka tambayi ta jikin bango. Ita ta zaɓo amaryar. Ta ce ƙawata mai addu'a ce, ba abin da zai same ta. Ta ce kuma marainiya ce, ba mai zuwa tambaya."

Martina ta zare hannunta. Ba ta fizge ba, zarewa ta yi kamar mai cire hannu daga ruwan wanki.

"Na kife shi, Martina," Japheth ya ce. "Na ce miki ba na son sakwara. Na ɗauka in ba a buɗe ba..."



Baba Abarshi ya buga sandarsa a ƙasa. "Za ki sauka daga yarinyar nan."

"A bar mini ita. Tana da sauƙin hawa."

"A'a."

"Baƙin bunsuru, to."

"Na daina yanka tun kafin a haifi waɗannan. Kututturen tsamiyarki yana nan, na gan shi. A mayar da turmin can a kife, ba mai daka, ba mai gini a wurin. Ki zauna a gidanki, ki bar gidajen mutane."

Duhu ya fara cin bangon.

"Yadda na fita haka zan koma," muryar ta ce. "Mai turmin ta miƙa. Jinin Ɗanjuma ya karɓa. Hannu biyu, da godiya. In an ƙara saɓa mini, wanda ya karɓa zan nema."

Aka ɗaga Lovelyn daga kan turmin. Martina ta sunkuya ta ɗauke shi, nauyinsa ya kai na yaro babba, ta juya ta fuskanci Christabel. Shekara shida suna cin abinci a kwano ɗaya. Christabel ta dubi turmin, ta ɓoye hannayenta a bayanta, ta bi bango har ƙofa, ta fita ba takalmi.

Japheth ne ya durƙusa. Ya miƙa hannu biyu.

"Na gode," ya ce.

Lovelyn ta yi atishawa sau uku ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido, ta ce, "Anti, yunwa nake ji." Hannunta ya saki, ɗan busasshen curin doya ya faɗo daga ciki.

Washegari da hantsi Japheth ya ɗora turmin a ka ya taka har Bomo, tsohon yana biye da shi, masu shaguna suna kallo. Dutse bai ƙara faɗowa a gidan ba. Lovelyn ta koma makaranta ranar Litinin. Takalman Christabel sun yi mako a ƙofa kafin Martina ta ba Japheth ya kai mata, ba tare da saƙo ba.

Martina ba ta bar gidan ba. Tana girki, tana gaishe shi da safe, suna tafiya coci tare, littattafan yara kuma a ƙasa take jibge su yanzu. Ranar da ta cika shekara da aure ya shigo da atamfa a leda, mai ruwan ganye, irin wadda ta taɓa nunawa a kasuwa. Ya tsaya a gabanta ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta ɗago daga makin da take yi. Ta dubi ledar, ta dube shi.

"Ajiye a can," ta ce, ta ci gaba da jan biro.