Ranar Shanyar Halti Baya

"Wasila! Makullin sama ya iso, ko har yanzu mutanen hawa na uku na barci a kansa?"

"Ya iso tun jiya da magariba, Mama. Ga shi can a ƙusarsa."

"To. Don na san halinsu."

Safiyar Talata ke nan a ɗakin Halti Baya (Halti muke kiran manyan mata, kamar a ce inna), kuma duk wanda ya zauna a gidanmu na unguwar Bab el-Wad da ke bakin teku ya san abin da Talata ke nufi. Gida ne mai hawa shida, iyali shida, rufi ɗaya, makulli ɗaya. Kowane iyali da ranarsa ta shanya a saman rufin. Da an kira magariba ki kwashe kayanki, ki share wurin, ki miƙa makulli ga mai bi miki. Ba Halti Baya ce ta kafa dokar ba, amma ita ta naɗa kanta alƙaliyarta. Mace ce mai tsafta da gaskiya, wannan ba mai ja, sai dai gaskiyar tata ba ta san sassauci ba. Ni mai ranar Alhamis, da ke hawa na shida, ƙarƙashin rufin, na sha faɗanta a kan safa ɗaya da na manta a igiya.

'Yarta Wasila kuwa kamar ba ita ta haife ta ba. Malamar firamare ce, mai fara'a, ba ta wuce ƙofar kowa ba ta yi gaisuwa ba. Tun suna yara take ƙaunar Sufyan, ɗan Halti Wardiya ta hawa na biyar, mai ranar Laraba. A matakala suka girma, a matakala suka fara jin kunyar juna. Da ya samu aikin tuƙin bas ya turo manyansa, aka karanta Fatiha, aka sa biki ƙarshen lokacin zafi. Duk gidan muka yi murna, mun ga auren da ba sai an yi hayar mota ba.

To, a wannan Talatar abin ya ɓaci. Halti Baya ta shanya wankin farko, ta bar ƙofar rufin a buɗe ta leƙa kasuwa. Halti Wardiya kuwa ta kwana biyu tana murza kuskus, tsakin alkama da ake turarawa kamar dambu, ita da 'yan'uwanta, kuma kuskus mai yawa yini ɗaya ba ya busar da shi. Ta ga ƙofa a buɗe, ta ce a ranta ai an zama ɗaya, ta hau ta shimfiɗa zannuwa a gefe, ta baza shi. Da Halti Baya ta dawo da bahon barguna jiƙaƙƙu, ta tsaya ta dubi kuskus, ta dubi igiyarta da ke bisa kansa. Sai ta shanya bargunanta ta sauka abinta.

Bayan azahar ihu ya cika matakala.

"Baya! Baya! Fito ki ga aikin hannunki!"

"Aikin hannuna wanki ne, kuma a ranata na yi shi."

"Ba ki ga kuskus a ƙarƙashin igiyar ba?"

"Na gani. Na ɗauka na aljanu ne, tunda dai ba mai Talata a gidan nan sai ni."

"Haba Baya! Mu da muka kusa zama surukai?"

"Surukuta a falo ake yin ta. Sama kuwa kowa da ranarsa."

"Kuskus ɗin walimar 'yarki ne kika mayar kunu!"

Na ga yadda fuskar Halti Baya ta canja. Amma kowace ƙofa a buɗe take, kowace mace ta leƙo da ludayi a hannu, kuma Halti Baya ba ta saba ja da baya a gaban mutane ba. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Da sai ki tambaya."

"Haka kika ce? To ki riƙe Talatarki, ki riƙe 'yarki! Ɗana ya fasa!"

Ƙofa ta yi garam a hawa na biyar, wata ta amsa mata a hawa na huɗu.

Wasila ta ci kuka har idanunta suka kumbura. Kashegari Sufyan ya tare ta a ƙofar gida tana dawowa daga makaranta, ko rigar aiki bai cire ba.

"Wasila, wannan wane irin abu ne? Aurenmu ya mutu saboda bargo?"

"Saboda kuskus dai," in ji ta, tana dariya tana share hawaye.

"Ba wasa nake ba. Kawuna ya ce zai tsaya mana. A ɗaura kawai, mu kama haya can nesa, inda ba wanda ya san ranar shanyar wani."

"Sai kuma me? Ranar Salla in hau hawa na huɗu, kai ka wuce na biyar? 'Ya'yanmu su riƙa ɓoye wa kaka ɗaya cewa sun ci abinci wurin ɗayar? A'a, Sufyan. Ina son ka, Allah ya sani, amma ba zan shiga ɗakinka mahaifiyarka na juya mini baya ba."

"To sai yaushe? Kin san Mama, kin san Halti Baya. Gara in jira bas ɗina ya tashi sama."

"Ka dai ba ni lokaci."

Abu ɗaya ne faɗan bai iya tsayarwa ba, shi ne makulli. Duk Talata da magariba dole ya tashi daga hawa na huɗu zuwa na biyar, kuma tunda iyayen ba sa ga-maciji, Wasila ke kai shi. Ƙofar takan buɗe kaɗan, hannu ya fito ya fizge.

"Barka da yamma, Halti. Na share miki wurin."

Garam!

Wani makon kuma, "Halti, igiyar gefen tanki ta sassauta, na ɗaure miki."

Garam!

Haka aka yi ta yi. Mu maƙwabta muka kasu biyu, har gaisuwa a matakala ta zama sai an duba waye ke kallo. Wasila ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta kuma taɓa faɗin aibin ɗaya a gaban ɗayar ba. Ni kaina na ce mata, "Yarinya, ba kya gajiya?" Ta ce, "Ina gajiya mana, Halti. In na shiga ɗaki nake hutawa."

Ana nan sai Halti Baya ta ce za ta wanke gashin tumakin da ta saya don katifar amarya. Ta faɗa da ƙarfi a baranda yadda na sama za su ji: "'Yata za ta yi aure, ko da ɗan wasu ko babu shi!"

A al'ada wankin gashin katifar amarya aikin gida ne gaba ɗaya. Mata su taru, a wanke, a rangaɗa guɗa, a sha gahawa, sannan masu bin layi su ba da ranakunsu, don gashi ba ya bushewa a yini ɗaya. Amma wa zai ba Halti Baya rana ba ta roƙa ba? Ita kuma roƙo ba ya cikin kayan ɗakinta. Ta ce rana ɗaya ta ishe ta. Ranar Talata ita da Wasila su biyu suka hau da sassafe, ba guɗa ba gahawa, suka wanke, suka baza shi ya rufe rufin fari fat.

Sai teku ta yi halinta. Ranar ta wuni da danshi, iska ta tsaya cik. La'asar ta yi, ta wuce, gashi yana nan jagab kamar yanzu aka tsamo shi. Halti Baya ta damƙi dunƙule ɗaya ta matse, ruwa ya bi hannunta. Ta zauna a kan bokiti.

"Mama, ki sauka wurin Halti Wardiya. Kalma ɗaya ce."

"Da wane baki? Ni na ce kowa da ranarsa. Kawo buhunan, kwashewa za mu yi." Sai ta dubi 'yarta. "Na cuce ki, Wasila. Na ɓata miki walima, na ɓata miki aure, yau ga katifar ma."

Ina leƙe daga bakin ƙofar rufin, wannan ne karo na farko da na ga hawayen Halti Baya, kuma wallahi sai na ji tausayinta ya kama ni. Buhu ɗaya ta ɗaga bayanta ya riƙe. Wasila ta zaunar da ita, ta saɓa buhun a kafaɗa ta fara sauka, ruwa na bin rigarta.

Duk mai saukowa daga sama sai ya bi ta ƙofar Halti Wardiya, ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofar, ta harɗe hannu tana jiran makullinta. Wasila ta wuce da buhun farko.

"Sannu, Halti. Yanzu zan goge ruwan da ya zuba miki a ƙofa."

Wasila ta dawo, ta sake saukowa da wani.

"Saura kaɗan, Halti. Kafin a kira salla za ki samu wurinki a share."

A na uku Halti Wardiya ta tare hanya.

"Ke! Ina kike kai wannan?"

"Ɗakinmu, Halti. Gobe ranarki ce."

"A jiƙe? A cikin buhu? Kin san kafin jibi zai yi fumfuna?"

"Na sani. Amma haka dokar take."

"Dokar me! So kuke ɗana ya ƙare rayuwarsa a kan katifa mai warin tunkiya? Yaron da ƙura kaɗan ke sa shi atishawa?"

Buhun ya sulale daga kafaɗar Wasila ya faɗi tim.

"Halti... ɗanki kika ce?"

"Kunnenki ya toshe ne? Ɗauki ki mayar sama! A'a, bari, kama can in kama nan. Dubi yadda kika jiƙe, sai kin yi mura kin ɓata mana biki."

Da suka iso sama Halti Baya ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. Suka tsaya suna kallon juna, ni kuma ina maƙale a bakin ƙofa, numfashi ma a hankali nake yi.

"Wardiya," in ji Halti Baya, "na san kuskus ɗinki ne. Da gangan na shanya. Ki yafe mini."

"Ni ma da na ƙwanƙwasa ƙofarki ai ƙafata ba za ta karye ba. Ki riƙe Larabar."

"Da Alhamis!" na faɗa kafin in san na buɗe baki.

Halti Wardiya ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗar da sai da tantabaru suka tashi. Kafin a idar da kiran salla matan gidan sun cika rufin, wata da tire na gahawa, wata ɗauke da buhunan da aka saukar, kowa na rantsuwa ita dama ba ta goyi bayan kowa ba. Sufyan ya dawo daga aiki ya ji guɗa tun daga titi, ya hau matakala da gudu har ya zame a ruwan da Wasila ba ta samu gogewa ba. Da ɗingishi ya iso, yana tambayar wa ya haihu.

An yi biki a lokacin da aka sa, kuma iyayen biyu kusa da juna suka zauna, suna gyara wa masu rabon abinci aiki.

Ku 'yan mata da samari masu karatu, ku ɗauki darasi. Dokar zaman tare an yi ta ne don maƙwabta su zauna lafiya, ba don wani ya samu sandar dukan ɗan'uwansa ba, kuma kusanci ba ya hana neman izini. Da Wasila ta bi zafin zuciya, da ta samu miji ta rasa iyaye biyu. Ta yi haƙuri, ta girmama wadda ke rufe mata ƙofa, sai ga shi wadda ta ce an fasa ita ce ta riƙo hannunta ta hau da ita ɗakin mijinta.