Yanke Min Iya Kafaɗa

"Iya kafaɗa za ki yanke min, Yaya. Irin wanda ake yayi yanzu."

Yayarta, mai shagon gyaran gashi, ta ajiye mataji tana kallonta ta madubi. Gashin Auta har gadon baya yake zuba, mata kan shigo shagon su ce irin nata suke so a yi musu.

"Ke da ko bakinsa ba kya bari a datse? Mijinki ya sani?"

"Ki dai yanke."

Yaya ta raba gashin biyu da yatsu, sai hannunta ya tsaya cak. A ƙeya akwai wurin da gashin ya tuge, fatar ta kumbura, jini ya bushe a kai.

"Auta... wa ya yi miki wannan?"

Auta ta sunkuyar da kai. Tun da aka sallami mijinta daga aikin tuƙi ya zama wani mutum daban, ita kuwa tana ta rufa masa asiri.

"Da gashin yake kama ni, Yaya. Ya naɗe shi a hannu ya ja ni a ƙasa daga ɗaki har falo... In ya huce kuma shi zai zauna yana shafa min mai yana kuka."

Yaya ta ɗauki almakashi, hawaye na zuba mata, ta fara yanka.

Ba ta gama daidaita gefe guda ba aka banko ƙofa. Shi ne. Ya dubi gashin da ke zube a ƙasa, idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Da izinin wa?"

"Fita min daga shago," in ji Yaya.

Kujera ya ɗaga ya maka wa madubin, gilashi ya tarwatse. Yaya ta sha gabansa, ya kai mata naushi a baki, ta faɗa kan kwanon wanke kai.

Wannan ne Auta ba ta taɓa gani ba. Nata dukan ta saba haɗiyewa, amma Yayar da ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu?

Ya damƙo gashin Auta zai naɗe, babu abin naɗewa. Ta fizge, ta wawuro ƙarfen miƙar da gashi da ke jone a wuta, ta manna masa a wuyan hannu. Ƙarar da ya saki ce ta fito da tela da mai chaji daga shagunansu, suka danne shi a bakin ƙofa.

Nan take muryarsa ta karye.

"Sanyin idona... ki dube ni. Wallahi ban san me ke shiga kaina ba. Mu tafi gida."

Muryar nan ce ta sa ta aure shi.

"Ina son ka," in ji Auta. "Har gobe ina son ka. Amma na gama komawa."

Suka ja shi waje yana kiran ta, ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa cikin fasassun gilashi, ta danna tawul a leɓen Yaya da ke zubar da jini.

"Ki yafe min, Yaya."

Yaya ta jawo ta jikinta ta rungume.

"Yi shiru, ƙanwata. Miƙo min wayata in kira Baba, ya sa a share miki ɗakinki."