Tabon Mari

Ana saukowa daga sallar Juma'a aka tarar da sito a buɗe a wata masana'antar jima da ke Challawa. Ɗauri biyu na fatun jar akuya sun yi ɓatan dabo.

Kafin Saja Mamman ya jingine kekensa, Sufeto ya riga ya gama shari'a.

"Akwai tsohon fursuna cikin leburori, wai shi Gwadabe. Kai shi caji ofis, gobe a tura shi gidan yari."

Abin ya ɓata wa Mamman rai. A 1982 ɗin nan, in ka taɓa shiga kurkuku, ko akuya ta ɓata a Panshekara kai ne.

"Ranka ya daɗe, ba na rufe mutum ban tambaye shi ba."

"Kana wasa da igiyarka ta saja."

"A cire ta."

Mamman ya fara da Habila mai gadi, wanda ke riƙe ƙofa idan Musulmi sun tafi masallaci.

"Wa ya fita da kaya?"

"Ba kowa, Saja, sai motar shara. Na yi mamaki, don Litinin take zuwa. Amma ga takardar fita."

Sa hannun Alhassan ne, mai kula da sito.

"Shara ce ta taru," in ji Alhassan. "Ɓarawo kuwa da idona na gan shi. Na dawo da wuri, na hango Gwadabe ya haura katanga da ɗauri a ka."

"Ka san shi sosai?"

"Shekaranjiya aka ɗauke shi. Na dai karanta takardarsa."

Mamman ya ja su duka zuwa rumfar da ake kankare gashi. Gwadabe na zaune a kan turmi, wuƙa a hannu.

"Malam Gwadabe, tashi."

Sai da ya dafa sanda da bango, sannan ya miƙe a karkace. Ya ɗage wando da kansa. Idon sawunsa duka biyu sun shanye, tabo ya zagaye su kamar awarwaro.

"Marin ƙarfe ne na kurkuku," ya ce. "Shekara biyar ina jiran shari'a. Fayil ya ɓata, alƙali bai taɓa ganin fuskata ba. Ko salla a zaune nake yi."

Mamman ya juya wajen Sufeto. "Wannan ne mai haura katanga? Alhassan bai taɓa ganinsa a tsaye ba. Takarda ya karanta, ya ga 'tsohon fursuna', ya san za mu haɗiye ba tauna. Shi ya kira mota lokacin da ma'aikata ke masallaci."

Kafin la'asar aka tono fatun a ƙarƙashin sharar, a juji. Direban motar shara ya faɗi komai tun ba a matsa masa ba.

Ana sa wa Alhassan ankwa, Gwadabe ya ɗaga murya.

"Saja, alfarma ɗaya. Ɓarawo ne, na sani, ya kuma so ya mayar da ni can. Amma ku kai shi gaban alƙali ran Litinin. Kada ku ɓatar da fayil ɗinsa."