Ba Za a Ɗaga Ba

A baje-kolin wasannin kwamfuta na birnin Poznan suka haɗu, kusa da ƙofar banɗaki, inda aka jefa wa Jagoda ɗan teburinta. Can tsakiyar zaure manyan kamfanoni sun kafa alluna kamar bangon gida, layi har waje. Ita kuwa waya ɗaya ta ajiye, sai kwanon alewa.

Wasan da ta ƙirƙira maɓalli ɗaya ne. Wata tsohuwa ce ke dafa pierogi, 'yan ƙullin kwaɓin fulawa masu haɗi a ciki, da sun taso saman ruwa ka tsamo su, in ka makara su fashe. Kafin shayi ya huce ka gama.

Wani dogon saurayi mai rigar babban kamfani ya tsaya, ya danna, ya fasa su duka.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan. Ka ci, ka ƙoshi, ka ba wani wuri."

Bai ba kowa wuri ba. Sunansa Radek, ya ce wasan da suke ginawa ƙasa ce sukutum, da duwatsu da koguna, sai mutum ya yi wata yana yawo a kan doki bai ga ƙarshenta ba.

"Kai me kake yi a ciki?"

"Ciyawa. Yadda iska ke kaɗa ta."

Ta yi dariya har da hawaye. Shi ko a jikinsa, sai ma ya zaro waya ya nuna mata ciyawar tasa, fuskarsa cike da farin ciki. Nan take ta ji ya kwanta mata a rai.

Kafin ta isa gida saƙonsa ya shigo: "Na wuce tashar da zan sauka saboda tsohuwar wasanki. Ki biya ni da kofi, 'yar kwaɗona." A ƙasarsu haka ake kiran masoyiya.

Ta mayar masa: "Mai ciyawa, laifin yatsanka ne. Gobe."

Soyayya ta yi ƙarfi, musu ma bai ragu ba. Shi ya ce wasa na gaskiya shi ne wanda za ka ɓace a cikinsa. Ita ta ce ma'aikaciyar jinyar da ta fito aiki a gajiye ba ɓacewa take nema ba, nasara ɗaya take so kafin bas ya iso.

Iyaye ne suka ƙi dariya. Mahaifinta Zenon ya ƙare wa Radek kallo a kan kwanon miya, ya ce, "Yaro, ka taɓa gama wani abu a rayuwarka?" Pani Danuta kuwa, mahaifiyar Radek, wadda ta raine shi ita kaɗai, ta riga ta gaya wa duk maƙwabta cewa sunan ɗanta zai fito a allon duniya. Wasan Jagoda a wurinta abin dannawa ne a layin ganin likita.

Duk da haka aka sa rana, bayan fitowar babban wasan. Kamfani ya ɗaga fitowar, Jagoda ta yarda aka ɗaga bikin, ta kira 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri.

Sabuwar ranar na ƙaratowa, Radek ya same ta a bakin kogin Warta, idanunsa sun faɗa.

"Sun sake ɗagawa. Kuma an hana hutu, ko na kwana ɗaya, sai an gama."

"To ka ajiye aikin."

"Ba ki gane ba. Duk wanda ya tafi kafin wasa ya fito, goge sunansa suke yi daga jerin waɗanda suka yi aikin. Duk shekarun nan, kamar ban taɓa taka wurin ba. Ki ƙara mini zuwa baɗi, 'yar kwaɗona."

Ta san zafin abin, don ta ga yadda ciyawar nan ta ci ƙuruciyarsa. Amma ta san cewa baɗin kamfani ba ya zuwa.

"Ba za a ɗaga ba," ta ce. "Ina son ka, Radek, ba na ɓoyewa. Ranar nan zan sa rigata in tsaya a falon Baba. In ka zo, ka same ni. In ba ka zo ba, na ji amsata."

Daga nan wayarsa ta yi shiru. Pani Danuta ta kira ta ce yarinya mai hankali jira take yi. Gwaggon Jagoda, Halina, ta fara kawo zancen Olgierd, likitan haƙori mai tashi aiki tun rana na sama, har ta gayyato shi cin abinci. Jagoda ta zuba masa miya, ta koma ɗaki ta ci gaba da gwada takalmin bikinta. Kuka kam ta sha shi, amma ba ta kira mai ɗakin taro ta soke komai ba.

Saƙo ɗaya ta tura masa: "Furanni sun iso. Ban fasa ba."

Ba amsa.

Ranar ta zo. An shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar falo, inda ango da amarya ke durƙusawa iyaye su sa musu albarka kafin a tafi coci. Jagoda ta tsaya cikin farar rigarta, ta ƙi zama. Zenon na ta kai-komo tsakanin taga da ƙofa.

"'Yata, bari in sallami mutane cikin mutunci."

"Ba wanda zai motsa, Baba."

Sai ga ƙarar mota. Radek ya shigo cikin kwat da ta yi masa gajarta, bayansa Pani Danuta, idanunta a kumbure.

"Me ya hana ka amsa mini?" Jagoda ta tambaya.

"Na yi ta roƙonsu har jiya, ban so in yi miki alkawarin da zan sake karyawa. Sun ƙi. Na miƙa musu katin shiga ofis, na ajiye aikin." Ya waiga ya dubi mahaifiyarsa. "Sai kuma fama da Mama."

"Sun goge sunanka?"

"Sun goge."

Pani Danuta ta matso, ta dubi amarya ido cikin ido. "Kin cinye wa ɗana shekarunsa."

Jagoda ba ta sunkuyar da kai ba.

"Su suka cinye waɗancan, Mama. Ni sauran nake so."

Pani Danuta ta daɗe tana kallonta. Can ta miƙa hannu ta gyara mata mayafin da ya karkace.

"To ku durƙusa, kada ku sa limamin coci jira."

Suka durƙusa a kan farin ƙyallen, hannunsa cikin nata. Zenon ya dafa kawunansu. Pani Danuta ce ta yi musu alamar gicciye a goshi, ta sumbaci ɗanta, sannan ta sumbaci Jagoda.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana," ta ce. "Ya ba ku shekaru masu yawa, kuma su zama naku."